Yadda Gari Ke Raya Gwanayensa

1. Kasuwa ba ta biyan ado

Kowane gari yana da gwanayensa. Akwai gwanin ƙira, akwai gwanin saƙa, akwai gwanin rini. Akwai gwanar ginin tukwane, da gwanar saƙar faifai. Akwai mai zayyana allo, da mai yi wa bango ado. Akwai kuma gwanin magana, watau mawaƙi da marubuci.

Mu shiga kasuwar Mafara ran Talata, mu tsaya wurin masu tukwane. Ga tulu biyu. Ɗaya ba shi da zane, ɗaya kuwa an ƙawata wuyansa da cikinsa. Ruwan da wannan zai ci, shi wancan zai ci. Amma mai zanen ya fi cin lokaci wajen gini. In mai saye ya zo, araha yake nema. Sai ya ɗauki marar zanen, ko kuwa ya taya mai zanen da kuɗin marar zane.

To, me mai tukwane za ta yi? Tana da bakin ciyarwa. Gobe sai ta bar zane. In ta bari, 'yarta ba za ta koya ba. Jikarta kuwa ba za ta ma san an taɓa yi ba.

Haka abin yake ga maɗinki da riga mai aska takwas. Haka yake ga baduku, haka yake ga magini. Kasuwa tana biyan amfanin abu, amma ba safai take biyan kyansa ba. Saboda haka tun zamanin da, garuruwa suka nemi wata hanya ta biyan gwani ladan gwanintarsa. Wannan hanya ita ce kyauta. A darasin nan za mu ga irin kyautar da aka yi a da, da wadda ake yi yanzu, da wadda mu ma za mu iya yi.

2. Kyautar fada

A ƙasarmu fada ita ce uwar makaɗa. Sarki yakan riƙe makaɗinsa kamar ɗan gida. In ya yi waƙa ta yi daɗi, sai a ba shi riga da rawani. Wata rana a ba shi doki. Da kaka a kai masa hatsi. Shi kuma ya raba da 'yan amshinsa da masu yi masa kiɗa. Da haka ba ya damuwa da abin tuwo. Sai ya zauna ya tsara magana, ya gyara, ya sake gyarawa, har ta fito sumul.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo. A ƙasar Bakura aka haife shi. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin kotso ne, ya zauna ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. A nan Musa ya tashi, yana amshi tare da wansa Abdu Kurna. Fadar Maradun ta riƙe gidan nan uba da 'ya'ya. Daga nan muryar Ɗanƙwairo ta kai ko'ina. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakuna da yawa na ƙasar Hausa. Ya rasu a 1991, amma har gobe in an ambace shi sai an ambaci Maradun.

Ga kuma Alhaji Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa. Mutumin Faru ne, ta ƙasar Maradun, shi ma kotso ya gada. Babban ubangidansa shi ne Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara tun cikin shekarun 1950, daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1996 zuwa 2006. Waƙoƙin da Sa'idu ya yi masa suna cikin waɗanda malaman Hausa ke karantarwa a manyan makarantu.

Ku lura da abu guda. Sarki ya ba da doki, doki ya mutu. Ya ba da riga, riga ta tsufa. Amma waƙa tana nan, sunan gari yana cikinta. Ashe garin da ya ba gwani kyauta bai yi hasara ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

3. Sarautar sana'a

Akwai wata kyauta da ta fi riga daɗewa, ita ce sarauta. Mun san Sarkin Maƙera, da Sarkin Kiɗa, da Sarkin Gini, da Sarkin Aska. Rawanin da aka naɗa musu shaida ce, cewa gari ya san sana'arsu, ya kuwa girmama ta.

Mai irin wannan sarauta yana da aiki. Shi ke raba gardama tsakanin 'yan sana'a. Shi ke tara su in aikin gari ya taso. Shi ke tsawata wa mai ha'inci. Yaro kuma in ya ga an naɗa wa maƙeri rawani a ƙofar fada, ba zai ji kunyar zama bakin zuga-zugi ba.

A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tun kafin zuwan Turawa, an yi wani magini, sunansa Muhammadu Durugu. Shi ya gina babban masallacin Juma'a na birnin, da ƙasa da azara, ya ɗaura masa bakan gizo masu ban mamaki. Sunan girmamawar da aka san shi da shi, shi ne Babban Gwani. Har yanzu masu koyon tsara gine-gine suna nazarin aikinsa.

4. Inda kyautar fada ta tsaya

Kyautar fada ta yi amfani ƙwarai, amma tana da iyaka. Mu faɗi iyakarta guda uku.

Ta farko, ta fi zuwa ga wanda ya yabi mai bayarwa. Makaɗin fada yana kusa, ana jin sa kullum. Amma mai ginin randa tana cikin gida a ƙauye, ba ta yabon kowa, ba wanda ya san sunanta.

Ta biyu, tana rataye ga ran mutum ɗaya. In ubangida ya rasu, ko aka sauya masa gari, sai gwani ya rasa madafa.

Ta uku, sarautar sana'a yawanci gado ce. Mai yiwuwa ne yaron da ya fi kowa hannu ba ɗan gidan ba ne.

Don haka aka samo wata dabara, ita ce gasa. A gasa, ana yin shela kowa ya ji. Kowa ya kawo aikinsa. Alƙalai su duba aikin, ba fuskar mai shi ba. Wanda ya fi, a ba shi kyauta a gaban jama'a.

5. Gasar da ta haifi littattafai

A 1933 akwai wani ofishi a Zariya mai kula da fassara da buga littattafan Hausa. Shugabansa wani Bature ne, Rupert East. Ya ga mutane suna koyon karatun boko, amma ba su da labarai masu daɗi da za su karanta. Sai aka sa gasa, aka roƙi malamai su ƙago labari da kansu, su rubuta.

Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Abubakar Imam a lokacin saurayi ne, yana koyarwa a Katsina. Gasar nan ita ta fito da shi. Bayanta ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Da ba a yi shela ba, wa ya san ko labaran nan da sun tsaya a cikin kawunansu?

An sake yin irin wannan. A 1978 kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya sa gasa. Daga cikinta aka sami Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ku duba, wannan karon har da mace cikin gwanaye. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata, ta gajerun labarai, domin mata zalla.

A nan akwai darasi babba. Kuɗin da aka ba waɗanda suka ci, an kashe su tuntuni. Abin da ya wanzu shi ne bugun da aka yi wa littattafan. Kyautar marubuci ta gaskiya ita ce a buga aikinsa, a karanta.

6. Mai tukwane da magini

Kada wani ya ce gasa da lambar girma sai 'yan boko. Ga labarin mutum biyu masu aikin ƙasa.

Ladi Kwali Bagwariya ce, daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, kamar yadda 'yan matanmu ke koya. Takan zana kifi da ƙadangare da kunama a jikin randunanta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, watau Abuja ta da wadda yanzu ake kira Suleja, ya ga aikinta ya yi kyau, ya saya ya ajiye a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin. Daga baya aka kai tukwanenta Ingila da Amurka, mutane suka yi ta kallo. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Wanda ke da takardar naira 20, ya juya bayanta, zai ga hoton Ladi tana gini.

Ina mafarin wannan duka? Sarkin garinta ne ya sayi randa da daraja, ya ajiye ta inda baƙo zai gani.

Na biyu, Falke Barmu, manomi ne kuma magini, a ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta ƙasar Nijar. A 1962 mutanen ƙauyen suka sa shi ya gina musu masallacin Juma'a. Aikin gayya aka yi. Wasu suka kawo ruwa, wasu suka yi tubali, wasu suka kawo itace. Shekara da shekaru yana ƙari, yana gyara, har ya ɗaga masa hasumiya huɗu, kowace da irin adonta. A 1986 masallacin nan na ƙasa ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafiya kyau a ƙasashen Musulmi.

Wani lokaci ma gari ɗungum ake girmamawa. A 2021 hukumar UNESCO, mai kula da ilmi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Bida cikin jerin biranen da suka shahara da sana'ar hannu, saboda aikin tagulla da na gilashi da sauran sana'o'in Nufawa. Ba a rana ɗaya Bida ta sami wannan ba. Unguwannin masu sana'a ne suka riƙe aikin kakanninsu, gari kuma bai yar da su ba.

Duk labaran nan bakinsu ɗaya. Na nesa ba ya yabon abin da na gida ya raina. Sai gida ta ɗaga abu sa'an nan duniya ke hango shi.

7. Halin da muke ciki

Yanzu mu dawo gida. Bokitin roba ya shiga wurin tulu. Yadin kanti ya shiga wurin saƙi. Karofi da yawa sun bushe, kwano da bulo sun ture soro. Ba mu ce a ƙi sabon abu ba, kowane zamani da kayansa. Amma in tsohuwar da ta iya zanen ƙwarya ta rasu ba ta koya wa kowa ba, ba kantin da za a je a sayo wannan ilmi.

Ga kuma rashin zaman lafiya da ya sami ƙasar Zamfara a shekarun nan. Ya ta da mutane da yawa daga ƙauyukansu. Maƙeri ya bar maƙerarsa, masaƙi ya bar masaƙarsa. Wasunsu suna nan cikinmu a Mafara da Bakura da Maradun, hannunsu bai manta ba, sai dai ba wanda ya tambaye su. Irin wannan lokaci shi ne sana'a ta fi saurin ɓacewa.

Waƙa ma haka take. Waƙoƙin Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru sun tsira domin an ɗauke su a faifai da kaset. Malamai kuma, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun bi su, sun rubuta tarihin makaɗan da waƙoƙinsu a littattafai. To, waƙoƙin noma fa, da na daka, da na niƙa, waɗanda iyayenmu mata ke yi? Wa zai rubuta su in ba mu ba?

8. Abin da gari zai iya yi

Ba sai gari ya yi arziki zai girmama gwani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu da yawa suna ɗauka. Mu yi lissafi. A ce unguwa tana da gida 100. Da kaka kowane gida ya ba da tiya 1 ta gero. An sami tiya 100 ke nan. A raba ta kashi 4: kashi ɗaya na masu aikin ƙarfe da itace da fata, ɗaya na masu zare da rini da ɗinki, ɗaya na masu tukwane da ƙwarya da zane, ɗaya na masu waƙa da labari. Kowane kashi ya tashi da tiya 25. Ba wanda ya ji ciwon bayarwa, ga kuwa gasa ta tsayu.

Amma gasa tana da ƙa'idodi. In an bar su, sai ta haifi gaba maimakon zumunci. Ga su:

Na ɗaya, a yi shela da wuri. A faɗi rana, da irin aikin da ake so, da abin da za a bayar. Mai saƙa yana bukatar watanni.

Na biyu, a zaɓi alƙalai waɗanda suka san sana'ar. Tsohon maƙeri shi ya san lauje mai kyau. Kada alƙali ya duba aikin ɗansa ko na ƙanensa.

Na uku, a ɓoye sunan mai aiki. A sa wa kowane aiki lamba, a rubuta suna da lambar a takarda, a ba liman ko mai gari ya ajiye sai an gama hukunci.

Na huɗu, a ba mata hanya. Wadda ba ta fita, a karɓo aikinta daga gida, a kai mata kyautarta har ɗaki.

Na biyar, a ware wa yara masu koyo nasu rukuni. Ba a haɗa ɗan koyo da gwani. Yaron da ya ci, a yaba wa wanda ya koya masa.

Na shida, abin da aka yi alkawari a bayar da shi ran nan, a gaban kowa. Kyautar da aka ce sai gobe, tana kashe gasar baɗi.

Na bakwai, alƙalai su faɗi dalili. Su ce, wannan tulu ya ci domin bakinsa ya daidaita, gashinsa ya nuna, zanensa ya fita. Da haka wanda bai ci ba ya ƙaru da ilmi, ya san inda zai gyara.

Bayan an watse, aiki bai ƙare ba. Kayan da suka ci, gari ya saye su da daraja, kamar yadda Sarkin Abuja ya yi. A ajiye su a zauren mai gari ko a makaranta, inda yara da baƙi za su gani. In ana neman mai aiki, a fara tuna wanda ya ci. Kyautar kayan aiki kuma takan fi ta ci amfani: masaba ga maƙeri, zare ga masaƙi, takarda da alƙalami ga marubuci.

9. Rabonmu mu masu koyon karatu

A cikin wannan duka akwai aikin da ba mai yin sa sai wanda ya iya rubutu. Wa zai rubuta shela? Wa zai rubuta lamba da suna? Wa zai riƙe littafin gari, inda za a sa sunan gwanin kowace shekara da irin aikin da ya yi? Mu ne.

Mun san sunan Ɗanƙwairo da na mahaifinsa domin an rubuta. Amma wanda ya saƙa rigar da aka ba shi, da wanda ya rina ta, da badukun da ya yi wa dokinsa ado, sunansu ya tafi tare da su. Su ma gwanaye ne, 'yan garuruwanmu ne. Kada mu bari na zamaninmu su tafi haka. Kowa ya duba unguwarsu, ya nemi gwanin da ke cikinta, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi wurin wa ya koya. Abin da ya faɗa, a rubuta, a kawo aji.

Kalmomin da za mu koya

Gasa: gwada gwaninta tsakanin mutane don a ga wanda ya fi.
Ƙa'ida: dokar da aka shirya aiki a kanta.
Zayyana: adon da ake zanawa a allo ko a littafi.
Edita: mai duba rubutu ya gyara kafin a buga.
Rukuni: kashi na mutane ko na kaya masu kama da juna.

Tambayoyi

1. Don me mai tukwane takan bar yin zane?
2. Wace fada ce ta riƙe gidan su Musa Ɗanƙwairo?
3. Wane ne babban ubangidan Sa'idu Faru?
4. Faɗi iyaka biyu na kyautar fada.
5. Faɗi littattafai uku da suka fito daga gasar 1933.
6. Hoton wa ke bayan takardar naira 20? Mece ce sana'arta?
7. Don me ake ɓoye sunan mai aiki a wurin gasa?
8. In gida 60 kowanne ya ba da tiya 2, aka raba kashi 4, tiya nawa kowane kashi zai samu?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta sunayen sana'o'i biyar da ake yi a garinsu. A gaban kowace, ya rubuta ko tana ƙaruwa ko tana raguwa. Sa'an nan ya rubuta shela mai layi huɗu, yana kiran jama'a zuwa gasar ɗaya daga cikinsu.